Gargaɗi: batir biyu da altaneta ɗaya na biya, ashe buroshi ne kawai ya cinye

Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko me za a ce sai na faɗa, don wallahi abin ya tsaya mini a rai, ko barci ba na yi sosai.

Batir biyu. Altaneta ɗaya, wato na'urar da ke yi wa batir caji idan inji na aiki. Kuɗin aiki sau uku. Duk cikin mako biyar, duk a hannun mutum ɗaya, mai gyaran wutar mota. Ba zan kama sunansa ba, amma hirarmu ta WhatsApp da rasit ɗin da ya rubuta da hannunsa suna nan, zan ɗora su idan na rufe lambar wayarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar farko. Motar ta ƙi tashi da safe, in na murɗa makulli sai ta yi ƙas-ƙas-ƙas ta yi shiru. Aka jona mini batir na kai masa. Ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can, ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Alhaji, ni ba na cin haram. Da wani ne sai ya ce maka altaneta ce ya tatse ka. Batir ne kawai ya mutu." Wannan maganar ita ta kashe mini jiki. Mutumin da ya nuna maka hanya mai sauƙi da bakinsa, ta yaya za ka zarge shi? Ku gaya mini, wa zai zarge shi? "Ni ba na cin haram." Har yanzu ina jin muryar a kunnena, ina ganin tsumman nan a hannunsa.

Kuma kada wani ya ce sakaci na yi. Shekara 14 ina tuƙi. Na san duba mai, na san duba ruwa, na san ƙarar injina idan ta canja. Na ma gaya masa, wallahi na gaya masa, cewa jar fitilar nan mai hoton batir tana ƙiftawa a dashbod idan ina tafiya. Ya ce in rabu da ita, sabon batir zai kashe ta. Sai daga baya na san cewa fitilar nan caji take tsaro: tana kunnuwa idan ka murɗa makulli, ta mutu da zarar inji ya tashi, in kuwa ta dawo kana cikin tafiya to altaneta ba ta ba batir wuta yadda ya kamata. Shi ya san wannan. Sana'arsa ce. Ya sani ya sayar mini da batir.

Bayan kwana tara, ko goma ne, motar ta sake mutuwa. A'a, kafin nan ma akwai ranar da na koma saboda fitilun gaba suna dushewa in na tsaya, ya ɗaure kan batir ya karɓi kuɗin aiki. Wannan shi ne kuɗin aiki na biyu. To da ta mutu na koma a fusace. Sai ya tada injin, yana aiki, ya sa sifana ya cire kan batir ɗaya. Mota ta mutu nan take. Ya ce, "Ka gani Alhaji? Altaneta ta tafi, kuma ita ta kashe sabon batirin, kamfani ba ya karɓar irin wannan." Na tsaya ina kallo kamar ya nuna mini wata hujja. Ashe wannan abin da ya yi ganganci ne. Batir shi ke shanye hawa da saukar wuta, in ka cire shi inji na aiki wutar na iya yin tsalle ta ƙone kwamfutar mota ko dayod ɗin altaneta. A gabana ya yi wa motata haka, ni kuma na yi masa godiya. Godiya fa!

Na biya altaneta. Na biya batir na biyu. Na biya kuɗin aiki na uku. Ya ce in bar motar in dawo da yamma. Tsohon batirina na asali kuwa, tun ranar farko ya ce ya zama bola, in bar masa. Na bar masa. Batir na biyu da ya saka, takardar da ke nuna watan da aka ƙera shi an kankare ta, wannan ma ban lura ba sai daga baya.

Daren da motar ta sake mutuwa da ni a hanya, iyalina na ciki. Fitilu suka yi ja, rediyo ta ɗauke, allurar dashbod ta faɗi, muka gangara gefen titi cikin duhu. Ƙaramar 'yata tana kuka. Na kira shi sau bakwai bai ɗauka ba. Sau bakwai, yana nan a wayata, shi ma zan nuna muku.

Washegari surukina ya haɗa ni da wani dattijo, shi ma gyaran wuta yake yi. Bai ce komai ba sai da ya ɗauko ƙaramar mitar auna wuta daga aljihu, ya ɗora jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙa a ɗaya kan. Bayan ya yi wa batirin caji ya bar shi ya huta, mita ta nuna bolt 12.6. Ya ce, "Ɗana, wannan batirin lafiyarsa ƙalau." Ya ce in tada. Lamba ta ɗan faɗi lokacin da kik ke juyawa, amma ba ta sauka ƙasa da 10 ba. Da inji ya kama, maimakon ta haura 13.8 zuwa 14.4 kamar yadda ya ce ya kamata, sai ta tsaya a 12.3, ya kunna fitilu ta ci gaba da sauka. Gwajin minti biyu. Minti biyu kacal, abin da na yi mako biyar ina biyan kuɗi a kansa.

Ya kwance altanetar, ya juya ta a hannu, ya kankara da farce. Fentin azurfa ya ɓare. A ƙarƙashinsa tsohon datti ne da maiƙo. Akwai wani ɗan ɓalli a gefen kunnen da ake ɗaure ta, na san shi, yana cikin hoton injin da na ɗauka tun bara. Altanetata ce. Tawa. Mai gyaran farko ya cire ta, ya fesa mata fenti, ya mayar, ya karɓi kuɗin sabuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dattijon ya buɗe bayanta ya nuna mini buroshi guda biyu na gawayi masu kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, ko wanne bai kai gaɓar yatsa ba, sun cinye har sun kusa ƙarewa. Su ne ke taɓawa su saki, shi ya sa caji ke zuwa yana ɗaukewa, shi ya sa kuma duk sabon batir ke riƙe motar 'yan kwanaki kafin ya zube. A nan dabarar take. Sabon batir yana rufe laifin altaneta, kai kana murna an gyara, shi yana jiran ka dawo.

Aka canja buroshin, aka ja bel ɗin da ya ɗan saki, aka kankare farin garin da ya taru a kan batir. Mita ta nuna 14.2.

Batir biyu, altaneta ɗaya, kuɗin aiki sau uku, ga batirina na asali da mai yiwuwa lafiyarsa lau ya sayar wa wani. Da na je wa mai gyaran farko da hotunan, cewa ya yi yaronsa ne ya yi kuskure, in yi haƙuri, zai "duba". Yau kwana shida, ya daina ɗaukar wayata. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Ku dai kada ku sayi batir ko altaneta sai an ɗora mita a gabanku, inji a kashe da kuma a kunne. Kada ku bari a cire kan batir inji na aiki. Ku sa wa kayanku alama, ku karɓi tsohon da aka cire.

Hotunan suna zuwa anjima, har da na fentin da ke kan farcen dattijon.