Wace kwamfuta zan saya in riƙa kunna AI a gida? Ga yadda za ka zaɓa

Masu son kunna samfuran AI na hira irin su Llama da Qwen da Gemma a kan na'urarsu, ba intanet ba kuɗin wata, ba kuma wanda zai leƙa abin da suka rubuta, yawancinsu tambayar furosesa suke fara yi, i7 ne ko i9. Gaskiya ba nan gizo ke saƙar ba. Memori za ka saya, yawansa da kuma saurinsa, sauran duk biye suke.

Bari ka ji lissafin. Samfurin da aka rubuta masa 8B yana nufin faramita (wato lambobin da ke riƙe da abin da ya koya) biliyan 8 gare shi, a yadda ya fito zai ci wajen giga 16, amma kusan ba mai kunna shi haka a gida, matse shi ake yi zuwa bit 4 a kowane faramita sai ya dawo kamar giga 5, kuma ba wata basira mai yawa da yake rasawa. Irin fayil ɗin da za ka gani ke nan a Hugging Face, shafin da ake sauke samfuran, da GGUF a ƙarshen sunansa da Q4_K_M a tsakiya. A wannan matsin 14B na cin wajen giga 9, 32B wajen 20, shi kuwa 70B sai ka tanadi sama da 40. Sannan ka bar sarari, don hirar da kuke yi da shi ita ma a memorin take zama, in ka liƙa masa doguwar takarda sai ka ga giga biyu ko uku sun tafi.

Sai sauri. Duk guntun kalmar da zai fitar sai na'ura ta bi samfurin kaf ta karanta daga memori, to ka raba saurin memorin da girman fayil ɗin, abin da ya fito shi ne iyakar gudunka, a zahiri ma ba ka kai shi. RAM na DDR4 mai layi biyu wajen giga 50 yake kwasa a daƙiƙa, ka ga da fayil mai giga 5 ba za ka wuce guntaye goma ba, ana iya haƙuri da wannan. Amma ka ɗora masa 70B, kalma ɗaya ɗaya za ta riƙa ɗigowa har ka gaji ka rufe.

Shi ya sa kafin ka kashe ko sisi, ka sauke Ollama ko LM Studio, manhajojin kunna samfuran, a kwamfutar da kake da ita, in tana da RAM giga 16 ka gwada 8B ka gani. Dukkansu kyauta ne, kuma manhajar llama.cpp ɗin da Georgi Gerganov ya fara a 2023, wanda aka gina su a kansa, dama don na'urorin gida aka yi shi. Wasu daga nan suke gane ya ishe su, wasu kuma su gane ƙaramin samfuri ba zai yi musu aikin ba sam, musamman in ba da Turanci za su yi hirar ba, don ƙananan nan suna yawan kwaɓa sauran harsuna.

In za ka sayi katin girafik, RTX 3060 na Nvidia mai memorin kansa giga 12 shi ne ƙofar shiga. Tsoho ne, tun 2021, amma yana kwasar giga 360 a daƙiƙa, 8B zai gudu a kansa, 14B ma zai shiga. Ka lura akwai 3060 mai giga 8, kar a haɗa ka da shi. Haka RTX 4060, sabo ne a kan wancan amma giga 8 kawai, don wannan aikin ni ban ga amfaninsa ba. 4060 Ti mai giga 16 ya fi ɗaki, sai dai hanyar memorinsa siririya ce, giga 288 kawai a daƙiƙa, wato zai ɗauki abin da 3060 ba zai ɗauka ba amma ba zai fi shi gudu a rubutu ba.

Wanda na fi karkata gare shi shi ne RTX 3090 na hannu. Giga 24, sauri 936, katin 2020 ne amma yana riƙe 32B gaba ɗaya, kuma a 32B ɗin nan ne za ka fara jin kamar da mai hankali kake magana. Matsalarsa wuta da zafi, wat 350 yake ja, dole fawa saflai ɗinka ya zama mai ƙarfi kuma akwatin ya samu iska, ga shi dogo mai kauri, ka auna akwatin kafin ka saya. Tunda na hannu ne, da yawa sun sha haƙar kirifto dare da rana, ka sa a kunna shi a gabanka ya ɗau kaya na ɗan lokaci, ka saurari fankokin ko akwai mai ƙara, ka duba zafin memorin ba na kan katin kaɗai ba. 4090 shi ma giga 24 ɗin ne, kuɗin da za ka ƙara gudu zai saya maka, ba samfuri mafi girma ba. 5090 na 2025 ya kai giga 32 amma wat 575, wannan sai wanda ya shirya.

AMD kuma RX 7900 XTX na da giga 24 kuma yana aiki, sai dai yawancin manhajoji da CUDA, tsarin da ke aiki a katunan Nvidia kaɗai, ake fara rubuta su, in ba ka son zaman gyare-gyare ka bar shi.

Mac daban yake. Memorinsa guda ne, furosesa da girafik tare suke sha, shi ya sa mai furosesan M4 Max da giga 64 ko 128 zai kunna 70B da ba katin gida guda ɗaya da zai iya ɗauka, shiru ba ƙara, wuta kaɗan. Amma fa yana jan ƙafa wajen karanta doguwar takarda kafin ya fara amsa, ba duka memorin yake bai wa samfurin ba, kuma ba a ƙara masa RAM daga baya, abin da ka saya da shi za ka zauna. M4 na ƙasa saurinsa 120 ne kawai, kar sunan ya ruɗe ka.

Laftof ma akwai tarko, 4090 na laftof giga 16 ne ba 24 ba. Haka samfurin DeepSeek R1 da za ka gani an rubuta 8B ko 14B, ba na ainihin ba ne, ƙananan Llama da Qwen ne aka koya musu salonsa, shi asalin 671B ne, ka manta da shi a gida.

Abu ɗaya da ya ɗan sauya lissafin shi ne samfuran da ba sa kunna dukkan jikinsu lokaci guda, irin Qwen3 30B-A3B da gpt-oss-20b na OpenAI, faramita biliyan 3 da wani abu kawai ke aiki a kowane guntun kalma, don haka suna gudu ko da wani ɓangarensu ya zauna a RAM. In 3060 ka iya saya, ka haɗa shi da RAM giga 32 ka fara da waɗannan.