Allurar Sculptra: tana aiki, amma a hannun likitan fata

Ga matan Ringim da Gumel masu tambaya: Sculptra tana ciko kumatun da suka rame saboda shekaru. Gari ce, ana dama ta da ruwan allura, in an yi allurar sai ta sa fata ta samar da kolajin (sinadarin da ke sa fata ta cika ta yi ƙwari) da kanta. Cikar ranar farko ruwa ne, zai sace. Ainihin kyan sai bayan wata 2 zuwa 3, yakan kai shekara 2.

Don Allah kar a kai fuska kemis. In an yi ta sama-sama ko damun bai yi ba, ƙululu ke fitowa, kuma babu allurar narkar da shi. Bayan allurar, a riƙa murza wurin minti 5, sau 5 kullum, kwana 5. Ba a yin ta a leɓe.