Kwas ɗin tanka ko BOSIET: wanne za ka fara biya?

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka tambayi wanne za ka fara biya, kwas ɗin tanka (jirgin dakon mai) ko BOSIET (kwas ɗin kare kai na masu aiki a rijiyoyin mai na teku). Tunda kuɗin kwas ɗaya gare ka, kuma takardun STCW huɗu na farko, wato na ƙa'idar duniya ta horar da ma'aikatan jirgin ruwa, suna hannunka, yi na tanka. BOSIET ya jira.

Na tanka na fara yi, wato matakin farko na jiragen dakon mai da sinadarai, kuma har yau ina sa wa malaminmu albarka. Tsohon injiniya ne da ya tsufa a teku. Bai ƙyale mu ba sai da kowa ya gane dalilin cika saman tanki da iskar da ba ta cin wuta, har oksijin ya sauka ƙasa da kashi 8 cikin 100. Ya nanata mana batun iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya faɗi a tanki bai san hawa ba bai san sauka ba. Da na je neman aiki a Legas, tambayoyin da aka yi mini ke nan, kai ka ce shi ya rubuta musu. Takardar ta STCW ce, jirgin mai na kowace ƙasa ya san ta. Sai dai jiragen gas irin masu lodi a Bonny ta Jihar Ribas kwas ɗinsu daban ne.

BOSIET kuwa ina da shi. An kifa mu cikin ruwa a akwatin da aka yi kamar helikwafta, mun fito. Na OPITO ne, ƙungiyar da ke tsara horon ma'aikatan mai da gas, don masu zuwa rijiyoyin mai na teku, shekara 4 yake yi, nawa kuma rabin wa'adinsa a jaka ya ƙare. Galibi kamfanin da ke buƙatarsa shi ke tura mutum, shi kuma ke biyan kuɗin.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu cewa ka turo hoto da kuɗi a kawo maka satifiket har gida. Ranar da aka binciki lambar, ba aikin kaɗai za ka rasa ba. Ka tabbatar NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ta amince da makarantar, kuma da wannan kwas ɗin takamaimai. Duk ejan da ya nemi kuɗin sama maka aiki a jirgi, yarjejeniyar MLC ta 2006 kan haƙƙin ma'aikatan jirgin ruwa ta hana hakan, kada ka ba shi ko sisi.

Kafin ka biya, duba kwanan watan takardunka na kashe gobara da ceton kai, biyu daga cikin huɗun nan na STCW. Duk shekara 5 ake sabunta su, in sun kusa ƙarewa ka haɗa tafiyar wuri ɗaya.