Sarƙa ko Ɗamara wajen Ɗaure Tarakta a Tirela

A yankin Gadarif na ƙasar Sudan, inda Hausawa da dama ke noman dawa da riɗi, akan ɗora tarakta a tirela zuwa gona kafin damina ta faɗi, kuma abin ɗaurin bai wuce biyu ba: sarƙar ƙarfe ko ɗamarar zaren roba.

Ɗamara ba ta da nauyi, ba ta kankare fenti, kuma ta wadatar ga ƙaramar tarakta, sai dai zafin rana yana cinye zarenta, kaifin ƙarfe kuma yana yanka ta idan ba a sa guntun taya a tsakani ba.

Sarƙa kuwa, duk da nauyinta da tsadarta, ita ce ta dace da babbar tarakta, musamman a hanya mai ramuka, domin ba ta miƙewa kamar ɗamara idan tirela ta girgiza. A ganina ita ta fi. Ana ɗaure ta a kusurwa huɗu, a jikin ƙarfen da ke riƙe tayoyi, bayan an ja birki, an sauke garma, an tokare tayoyin da katako. Bayan tafiya kaɗan direba ya tsaya ya sake matse ta, domin ita ma takan saki.