Mai siririn ruwa ko mai kauri: wacce za ka riƙe?

Malam, ka tambaya ko ka jira sabuwar wuƙar nan mai siririn ruwa da ake ta ɗokin fitowarta, wadda aka ce za ta yi aikin madafa ta kuma yi na gona da daji, ko kuwa ka sayi mai kauri kafin Babbar Sallah ka huta.

Wajen yanka, siririya ta yi gaba, kuma ba kaifin baki kaɗai ne dalili ba. Jikin da ke bin bayan bakin shi ne magana. Ɗora mai kauri kan albasa ko dankali, ko yanzu ta sauka daga dutsen washi, za ka ji tana shiga tana tsaga abin kamar gatari a jikin itace. Siririya kuwa ratsawa take yi. Leƙa wajen masu kilishi ka ga wuƙar da suke fitar da nama sala-sala da ita. Ba za ka tarar da mai kauri a hannunsu ba. Haka wajen fiɗa da gyaran kifi. Ga sauƙin washi, tunda ƙarfen da dutse zai ci kaɗan ne. Ana yawan wasa irinta a kan kusurwa mai digiri 15 kowane gefe, mai kauri kuma wajen 20.

Bambancin da ake ta magana a kai bai ma kai yadda mutum zai zata ba. Kamfanin Morakniv na ƙasar Suwidin yana da wuƙa mai suna Companion, wadda nau'inta marar tsatsa ke da kaurin milimita 2.5, sai Garberg da ya fitar a 2016 mai milimita 3.2. Ko milimita ɗaya ba su cika ba tsakaninsu, amma hannu yana ganewa. Garberg ƙarfenta ya zarce har ƙarshen mariƙi, shi ya sa take jure duka. Opinel ta Faransa, da aka fara ƙerawa tun 1890, siririya ce mai naɗewa, lamba 8 ɗinta tsawon ruwanta santimita 8.5. Daɗin fere mangwaro da rake ba a magana, amma kada ka kai ta ga ƙashi.

To a nan mai kauri take cin kasuwarta: sara ƙashi, faskare ɗan itacen hura wuta, ɓanɓare abu. Murɗa siririya a gaɓar rago sau ɗaya, bakinta ya ɓantare ko ya lanƙwashe. Sai dai mu nan Kaduna wa ke faskare da wuƙa, ga adda ga gatari a kowane gida? Wannan ne ya sa nake ganin kaurin da ake biya wa kuɗi, yawancinmu ba ma amfani da shi.

Sai batun ƙarfe, wanda ya fi damuna da damina. Baƙin ƙarfe, irin wanda maƙeranmu ke bugawa daga tsohon sifirin mota, yana ɗaukar kaifi da wuri, amma yanka tumatir ko lemun tsami ka ajiye ba ka goge ba, cikin ruwan Agusta, gobe ka tarar da tsatsa. Dole a goge, a shafa ɗan mai, kuma kada a bar ta a jiƙe cikin kube. Ƙarfen da ba ya saurin tsatsa yana da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ya fi dacewa da wuƙar da uwargida da yara masu taya aiki za su riƙa ɗauka.

Da ni ne, Malam, zan jira siririyar don madafa da fiɗa, in shiga Panteka ko Kasuwar Barci in nemi barho mai nauyi saboda ƙashin layya. Idan siririyar ta iso, kafin ka biya ka tambayi kaurinta a milimita, da irin ƙarfenta, da inda ƙarfen ya tsaya a cikin mariƙi.