AirTag a jaka lafiya lau, amma babur sai tiraka mai sim

Jama'a masu tambaya ko AirTag za ta iya tsare musu babur ko adaidaita daga ɓarayi, gaskiya ba aikinta ba ne, amma kar wannan ya sa ku raina ta don a wajen jakar tafiya da makulli wallahi ta biya ni kuɗina. Na yi amfani da ita, na kuma yi amfani da tiraka mai sim irin wadda masu rewaya ke ɗaurawa, shi ya sa nake so in faɗi abin da na gani kafin wani ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya zuba kuɗinsa a kan abin da ba shi yake buƙata ba.

Abin da masu sayarwa da yawa ba sa tsayawa su yi maka bayani shi ne AirTag ba ta da GPS, ba ta da sim, ba ta shan data. 'Yar ƙaramar aba ce mai nauyin giram 11 da Apple suka fitar a watan Afrilun 2021, lokacin dala 29 ce ɗaya, huɗu kuma dala 99. Aikinta kawai ta riƙa sakin siginar Bluetooth, to duk wata iPhone ko iPad da ta gifta kusa da ita sai ta ɗauki siginar ta aika wa Apple inda ta ji ta, kai kuma sai ka gani a manhajar Find My, shi mai wayar da ta taimaka maka bai ma san an yi ba kuma bai ga komai naka ba. Ke nan ƙarfinta gaba ɗaya ya dogara ne da yawan masu iPhone a wurin da take.

A tafiyar Umara na fi jin daɗinta. Duk wanda ya taɓa sauka a otal a Makka tare da ayari ya san yadda ake jibge jakunkuna a ƙasa, duk baƙaƙe duk iri ɗaya, kowa na ɗagawa yana dubawa yana ajiyewa, tsofaffi na ta kiran sunan ejan. Ni dai na buɗe waya na danna neman ta kusa, sai kibiya ta fito a fuskar wayar tana juyawa tana nuna min hagu, lambar tazarar tana raguwa ina tafiya, da na iso kan tulin sai wayar ta yi kore ta girgiza a hannuna, na sa ta yi ƙara, ga jakata can ƙasa an danne ta da wasu manya guda biyu. Wannan kibiyar sai daga iPhone 11 zuwa sama take aiki, wanda wayarsa ba ta kai nan ba zai ga taswira ya kuma sa ta yi ƙara amma ba kibiya.

A dawowa kuma jaka ɗaya ba ta fito ba a Kano, bel ya gama zagayawa an kashe. Da ba don ita ba da sai dai in cike fom in koma gida ina zullumin ko wani ne ya ɗauka bisa kuskure. Ina dubawa na ga tana nan zaune a filin jirgin da muka yada zango, na nuna wa ma'aikacin na ce ranka ya daɗe ga inda take, ya rubuta, magana ta zo da sauƙi. Ranar da aka ɗoro ta ma ni na riga su sanin ta iso. Filin jirgi wuri ne da iPhone ta yi yawa, ma'aikata da fasinja kowa da tasa, don haka labari ba ya yankewa.

To sai na ce bari in gwada ɗaya a ƙarƙashin sirdin babur. A cikin garin Kano wajen Zoo Road, Nasarawa, ko kusa da jami'a ba laifi, za ka ga tana sabunta wuri a kai a kai. Amma ranar da ƙanena ya hau ya tafi ƙauye ta wajen Bichi, tun da ya bar bakin titi taswirar ta tsaya cak a inda aka ji ta na ƙarshe, har yamma tana nan tana nuna wuri ɗaya alhali shi ya daɗe da isa har ya ci tuwo. Kuma ba lalacewa ta yi ba, mutanenmu Tecno da Infinix da itel suke riƙewa, waɗannan kuwa ba sa kai rahoton AirTag. Ɓarawon babur kuma ba GRA zai kai shi ba.

Akwai abu na biyu ma. An yi ta ne yadda ba za a iya bibiyar mutum da ita a ɓoye ba, idan ta rabu da mai ita na tsawon awa 8 zuwa 24 ana motsa ta za ta fara ƙara da kanta, idan kuma wanda take tare da shi yana da iPhone saƙo zai shigo masa cewa akwai wata AirTag da ke bin sa, tun 2023 wayoyin Android ma suna ba da irin wannan gargaɗin. Ni ina goyon bayan wannan tsarin ɗari bisa ɗari, don na san akwai marasa tsoron Allah da za su jefa ta a jakar 'yar mutane su riƙa bin ta. Sai dai gargaɗin da zai ceci yarinya shi ne zai faɗa wa ɓarawo ya ɗaga sirdi ya cire ya yar a kwata.

Don babur da adaidaita da mota tiraka mai sim ce magana. Tawa irin 'yan China ɗin nan ce marasa wani suna, mai rewaya ya haɗa ta da batirin babur ya ɓoye ta, ita tana da GPS nata tana karɓar wuri daga tauraron ɗan adam, ka tura mata tes ta dawo maka da adireshin taswira, akwai ma umarnin da za ka tura ta kashe injin daga inda kake. A wannan hanyar ta Bichi ɗin dai ta riƙa ba ni wuri muddin akwai sabis. Amma tana da nata ɗawainiyar, sim ɗin sai an haɗa shi da NIN, sai ka riƙa sa masa kati don layin da aka bari ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa, idan ka ajiye babur ya kwana biyu ba a tayar ba tana zuƙe batir a hankali, inda babu sabis kuma ta san inda take amma ba ta da bakin faɗa maka. Ku tuna watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, duk mai irin wannan tirakar a can a lokacin shiru zai ji. Sannan don Allah a nemi mai rewaya da aka yarda da shi, don shi kaɗai ya san inda ya ɓoye ta, kar a kashe wa mutum inji yana tsakiyar gudu a kan titi, in kuma ta nuna maka inda babur ɗinka yake a tafi da 'yan sanda, kar ka ɗebi abokai ku faɗa gidan mutane.

Masu Android, SmartTag ta Samsung da wayoyin Galaxy kaɗai take aiki. Google ma sun buɗe nasu tsarin a Afrilun 2024, akwai su Chipolo da Pebblebee da Moto Tag da ke hawa kansa, kuma shi ya fi dacewa da irin wayoyin da ke hannun jama'armu, sai dai yadda aka saita shi tun farko ya fi kama abu a wurin da ke da cunkoson mutane. Masu tambayar shanu da raguna kuma, a daji ba wayar da za ta ji siginar.

Batirin AirTag CR2032 ne, irin na rimot ɗin mota, yana kai wajen shekara kuma wayar za ta sanar da kai in ya kusa ƙarewa, ka danna murfin ƙarfen ka murɗa hagu ka canza da kanka. Ba ta da hujin ratayewa, sai ka haɗa da 'yar rigarta in makulli za ka sa wa. Kuma akwai jabu a kasuwa, don haka kar ka biya sai an zare ledar batirin a gabanka ta yi ƙara, ka kusanto da ita jikin wayarka ka ga hoton AirTag ya fito da kansa yana neman ka haɗa, sannan ka tsaya a shagon har ka ga ta bayyana a Find My da sunan da ka sa mata.