Tarihi ko Gwamnati, wanne ɗiyarki za ta ɗauka?

Salamu alaikum Hajiya, na ga tambayarki ta jiya, kin ce ɗiyarki za ta shiga SS1 an ce ta zaɓi ɗaya tsakanin darasin Tarihi da na Gwamnati, ke kuma burinki ta san yadda mutanen duniya ke rayuwa amma kada ta manta ko ita ɗiyar wa ce. Ni Gwamnati na yi a sakandare, ƙanena ya yi Tarihi, ɗaki guda munka kwana da littattafan duka biyu, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Gwamnati zai nuna mata duniya amma daga sama. Tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, na firaminista irin na Ingila, Majalisar Ɗinkin Duniya da anka kafa 1945, ECOWAS a Legas 1975, sai haddar kundin tsarin mulkin Najeriya na Clifford 1922 da Richards 1946 da Macpherson 1951. Inda ya fi burge ni shi ne kwatanta mulkin Turawan Ingila ta hannun sarakuna da salon Faransa, a nan ne na fara gane dalilin da ya sa dangin mamanmu na Birnin Konni a Nijar ke karatu da Faransanci mu muna Turanci alhali Illela kawai ta raba mu, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Kuma malamansa da littattafansa ba su da wuyar samu, haka tambayoyin WAEC da NECO na baya.

Tarihi kuwa mutane zai nuna mata. Za ta haɗu da mutum-mutumin Nok da kayan tagulla na Igbo-Ukwu da Benin, da Alafin na Oyo, da Kanem-Borno, wato tun kafin ta kai ƙetare za ta daina ganin Bayarabe da Ibo kamar baƙi. Sannan fataucin Sahara, yadda jar fatar akuyarmu ta Sakkwato ke bin ayarin raƙuma zuwa arewacin Afirka har ta isa Turai ana ce mata fatar Maroko, wallahi ranar da ƙanena ya karanto min wanga sai da na ji wani iri, kayanmu sunan wasu. Ga hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu 1804, ga yaƙin Tabkin Kwato, ga faɗuwar Alkalawa babban birnin Gobir 1808, ga Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, da ya zo wajen Sarkin Musulmi Bello 1824 ya dawo ya mutu a garin nan 1827, ga zuwan Turawa 1903. Yarinya mace kuma ta ji labarin Nana Asma'u da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa tana tura jajis, wato malamai mata da ta horar, su karantar da mata ƙauyuka, ai ba za ta ɗauka ilmi da hulɗa da duniya jiya anka kawo mana su ba.

Amma kada ki sa rai za a koya mata al'adun Sin ko Indiya sosai, ƙarfin darasin yana kan Najeriya da Afirka ne. Yana son karatu mai yawa da dogon rubutu, kuma malaminsa ke da wuyar samu, ƙanena ya taɓa yin zango guda cur babu mai shiga ajinsu, da littafin aro ya lallaɓa.

In ɗiyata ce Hajiya, Tarihi zan ce ta ɗauka. Sai dai ki je makarantar da kanki ki tambaya ko suna da malamin Tarihi tsayayye, in babu to ta yi Gwamnati, hutu in ya zo ki kai ta Hubbare, inda kabarin Shehu yake a Sakkwato, da gidan tarihi na Waziri Junaidu ta ga takardun da idonta.